Me kuke saurare a makon nan? A kawo suna, a kawo kwafi mai kyau

Baban Khadija (Gusau): Assalamu alaikum jama'a. An kwana biyu ba a taɓa zancen kiɗa a nan ba. Kowa ya kawo abin da ke kunnensa a wannan makon, na gida ko na waje, tsoho ko sabo. Sharaɗi ɗaya ne: kada a jefo suna a wuce. A faɗi wanda ya yi, da me ake kiɗan, inda mai farawa zai fara, da abin da zai kasa kunne a kai. Ni kotso nake ji, Narambaɗa da Sa'idu Faru, ina jera su ɗaya bayan ɗaya don bambance aikin 'yan amshinsu.

Malamin Hausa (Talata Mafara): Wa alaikumus salam. Zaɓi ya yi kyau Baban Khadija, amma wanda bai saba da kiɗan fada ba kada ya fara ta nan. Ya fara da Musa Ɗanƙwairo Maradun. Ya rayu har 1991, don haka an ɗauke shi da na'urori masu dama, kalmomi suna fita tar. Daga shi sai Sa'idu Faru, musamman waƙoƙin da ya yi wa Muhammadu Macciɗo lokacin yana Sarkin Kudu a nan Mafara. Narambaɗa a bar shi ƙarshe. Ya rasu tun farkon shekarun 1960, abin da aka ɗauka nasa tsoho ne, kuma Hausarsa ta ƙasar Isa tana son kunnen da ya riga ya horu.

Yadda za a saurara kuma, sau uku ne kowace waƙa. Ji na farko a riƙe gindin waƙa kaɗai, wato layin da ake ta komawa kansa, a lura da inda yake dawowa bayan kowane ɗa, wato kowane baiti. Ji na biyu a bi jagora: ina ya ajiye magana, ina 'yan amshi suka ɗauka. A nan ne gwanintar take, don a waƙar fada sau da yawa jagora rabin zance yake faɗa, 'yan amshi su yi ƙari su cike. Wanda ya saba da waƙar situdiyo yana ɗaukar amshi maimaici ne, sai ya daina saurare idan sun karɓa, ya rasa rabin ma'ana. Ji na uku a manta da kalmomi gaba ɗaya, a bi ganga.

Ɗan Kabi (Argungu): To ga shi nan, Zamfarawa sun hwara. Kullum anka tada zancen kiɗan hwada sai Maradun da Faru, awa ba a yi sarauta Kabi ba. Ku nemi Aliyu Ɗandawo, wanda yay yi ma sarakunan Argungu waƙa kahin shi koma Yawuri, sannan ku bi da ɗanai Sani Aliyu Ɗandawo. Ku jera uba da ɗa. Na uban a natse yake, ba shi gaggawar shiga ɗa. Na ɗan ya hi sauri da zaƙin murya, kuma shi an samu ɗaukar da ta hi tsabta. Mai son shi gane yadda gida guda ka sauya salo daga zamani zuwa zamani, nan zai ji shi.

Malamin Hausa: Ba a hana Kabi haƙƙinta ba ɗan'uwa. Sai dai in za a yi adalci a sa Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Shi ma dai asalinsa Rawayya ne ta Zamfara, ka yi haƙuri.

Ɗan Kabi: Allah shi shirye ka Malam.

Maman Sadik (Birnin Kebbi): Ni Barmani Coge nake ji, Allah ya jiƙanta, ta rasu 2013. Kiɗan ƙwarya ne na amada. Abin da mutane ba su lura da shi ba, ƙwaryar ba iri ɗaya ba ce. Akwai babba da ake kifawa a kan ruwa cikin baho, ita ke ba da amon nan mai kauri da ake ji a ƙirji, sannan akwai waɗanda ake kifawa a ƙasa masu ƙara sama. In aka danna ta ruwan ta ƙara nutsewa, amonta yana sauyawa. Duk daɗin kiɗan yana tsakanin waɗannan biyun. Tambayata ita ce, me ya sa a waya ta ruwan ba ta fita? Kas-kas ɗin sanduna kawai ake ji. Kuma tunda an ce albam, wane albam nata za a ce mutum ya nema?

Injiniya (Ƙauran Namoda): Hajiya, laifin sifikar waya ne, ba na waƙar ba. Sifikar waya ƙarama ce ƙwarai, ba ta iya tura iskar da amo mai kauri ke bukata, abin da ke ƙasa da wajen haz 200 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar amo) kusan duk yana ɓacewa. Ƙwaryar ruwa, uwar kalangu idan an saki tsarkiya, da ƙasan kotso duk a can suke zaune. Magani mafi araha shi ne abin kunne mai waya wanda robarsa ke toshe kunne sosai. In robar ta yi ƙanƙanta iska na fita ta gefe, kaurin ya sake tafiya, sai a canza zuwa babbar roba. In sifikar Bluetooth ce, a ajiye ta kusa da bango ko a lungun ɗaki, kauri zai ƙaru. Kada a je a ɗaga bes har ƙarshe a saitin waya, ba zai ƙirƙiro abin da sifika ba ta iya fitarwa ba, sai dai ya sa ta karkarwa.

Mai Kaset (Jega): Zancen albam kuwa Hajiya, bari in gyara shi tun yanzu don kada a aiki mutane neman abin da babu. Mahi yawan makaɗan gargajiya ba su zauna sunka tsara albam ba. Waƙa guda-guda anka ɗauka, wata gidan rediyo, wata hwada ranar salla, wata wurin biki, wata ga hwaihwan garmaho. Masu shagon kaset su na sunka riƙa haɗa su yadda za su shiga zare. Kaset mai lamba 60 minti 30 na kowane gehe, mai 90 minti 45. In waƙa ta kai minti 35 kuma kaset mai 60 na ag ga hannu, sai a datse ta, ko a juya a ci gaba bayan an yi asarar ɗa guda. Waɗanga datsattsun su na anka juye cikin memori, su na kuma anka ɗora YouTube. Shi ya sa za ka ga waƙa guda, wani wuri minti 9, wani wuri minti 22.

Don haka mai ba da shawara shi hwaɗi abu ukku: sunan waƙa, tsawonta, da irin ɗaukar. Ta situdiyo shiru take a bayanta, ana jin kowace kalma, amma makaɗi na takure, don agogo aka dubi. Ta hwada ko ta biki akwai hayaniya, sanƙira na yanka magana, ana guɗa, wani lokaci har bindiga, amma nan makaɗi ka sakin jiki shi kawo ɗiyan da ba ka ji ga ta rediyo. Mai koyo shi hwara da ta situdiyo. Wanda ya riga ya san waƙar, ta taro ta hi.

Baban Khadija: Wannan ya warware mini wani abu. To muryar fa? Akwai kwafin Ɗanƙwairo da ke yawo, muryar ta yi siriri kamar ba dattijo ba.

Mai Kaset: Gudu na. Rediyon da anka juye da ita ta yi sauri.

Injiniya: Haka ne, kuma ana iya auna shi. Zaren kaset yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa. In injin ya ƙara kashi 6 cikin 100, murya da ganga duk suna hawa da rabin mataki, kuma gefen da ya kamata ya ci minti 30 zai ƙare a ɗan sama da minti 28. Kunne yana kama shi ta hanya biyu: murya ta yi siriri, 'yan amshi kuma su zama kamar ana korar su. In ana son tabbaci, a buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar gyaran sauti ce ta kwamfuta, kyauta ce, a zaɓi wurin da babu kiɗa a duba zanen amo. In an yi ɗaukar farko da wutar lantarki, sau da yawa akwai gunjin wuta a ciki, kuma wutarmu haz 50 ce. In gunjin ya bayyana a 53, an san an ƙara gudu da kashi 6, sai a rage shi da umarnin sauya gudu, wanda ke sauke murya da lokaci tare. Kada a yi amfani da wanda ke sauya murya kaɗai, zai bar saurin yadda yake. Tarko ɗaya: in gunjin ya shiga ne a juyi na ƙarshe, zai nuna 50 daidai alhali waƙar na gudu. A nan sai a gwada da wani kwafin waƙar da aka yarda da shi.

Auta (Zuru): Iyayena ku bar mu mu ma mu sa baki, an ce har na waje. Guda uku gare ni. Na ɗaya Ali Farka Touré na Mali da Toumani Diabaté, albam ɗin In the Heart of the Moon na 2005. Jita ce da kora mai tsirkiya 21, kusan babu waƙa, kiɗa ne zalla. A sa kunne a ga yadda jita ke riƙe zagaye ɗaya ba ta motsawa, kora na yawo a kansa. Na biyu Tinariwen, Tassili na 2011, Buzaye ne, jita marar wuta, tafi da amshi. Na uku Mdou Moctar na Nijar, Afrique Victime na 2021, wannan jitar wuta ce mai zafi, ba ta kwanciya barci ba ce. Kuma ga abin da zai ba ku mamaki: albam ɗinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta mawaƙan finafinanmu, kuma ta memori da Bluetooth ya bazu a Sahel kafin Turawa su san da shi.

Ɗan Kabi: Auta ya kawo abu. In ƙara mai: Ali Farka ba jita ɗai yaka kaɗawa ba, yana kaɗa njarka, goge na ƙarami mai tsirkiya guda, ɗan'uwan kukumarmu. Ku nemi waƙoƙin da yas sa ta ciki ga albam nai Savane, wanda yah hito 2006, shekarar da yar rasu. Kuma da yawa cikin waƙoƙinai da harshen Songai yay yi su, don haka mutanenmu na Kamba da sauran ƙasar Dandi masu jin Zabarmanci za su tsinci kalmomi.

Malamin Hausa: Ga hanyar da zan ba wanda ke son tsallakawa daga namu zuwa na waje ba tare da kunnensa ya gaji ba. Mai son kukuma da goge ya bi ta Mali, kamar yadda aka faɗa. Mai son gurmi irin na Haruna Uji, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ya bi ta jitar Buzaye, gini ɗaya ne: zagaye gajere da ake ta maimaitawa, magana na tafiya a kansa. Mai son kalangun Shata, wanda ya iya zama minti 20 kan kiɗa ɗaya, shi ne zai iya da Fela. Waƙar Fela takan yi mintuna masu yawa ana kiɗa kafin ya buɗe baki, kuma abin ji a nan gangar Tony Allen ce, ba kalmomin ba. Wanda ya matsa gaba don ya kai wurin murya ya zubar da abin da aka ba shi.

Hajiya Babba (Gwandu): Ba wanda ya ambaci gabas. Muhammad Wardi na Sudan, ya rasu 2012, da Ummu Kulsum ta Masar, ta rasu 1975. Shawarata a fara da Sudan. Kiɗansu a kan matakan murya biyar yake, kamar yawancin namu, shi ya sa Bahaushe ke jin sa kamar ya taɓa sani. Na Masar akwai matakai a tsakanin matakai, wanda bai saba ba sai ya ɗauka kuskure ake yi. Ummu Kulsum kuma ba a jin ta a tsaye. Waƙa ɗaya takan kai minti 40 har awa guda, tana maimaita baiti ɗaya sau da yawa, kowane maimaici da lanƙwasarsa. A nemi ɗaukar dandali mai jama'a a ciki, don ihun masu saurare ne ke sa ta sake baitin. Gajerun da aka yanka minti biyar-biyar ba su da amfani. Wanda kuma ba ya jin kiɗa sam, akwai Imfiraji ta Aliyu Namangi, murya ce kawai, kuma darasi ce a kan yadda ake ajiye numfashi a ƙarshen ɗango.

Baba Alhaji (Anka): Ina biye da ku tun ɗazu. Tambaya gare ni kahin wani shi kawo su, don na san za a kawo. Kassu Zurmi da Gambu, mi za mu ce? Halin da ƙasarga taka ciki, daidai na a riƙa tura ma yara waƙar da aka wasa ɓarayi?

Ɗan Kabi: Allah shi daɗe da ran Baba. Gambu namu na, mutumin Fagada, kuma shi da kainai ya aje kiɗan ya tuba kahin shi rasu. Ni ban tura shi ga taro.

Malamin Hausa: Ranka ya daɗe, maganarka tana kan hanya, amma a raba abu biyu. Kassu ba ɓarayi kaɗai ya yi wa waƙa ba, akwai na 'yan tauri da mafarauta, kuma wanda ke nazarin kiɗan maza ba zai tsallake shi ba, kamar yadda ba zai tsallake Ɗan Anace a waƙar dambe ba. Kalangun waɗannan daban yake da na biki: gajere ne, mai tsinin bugu, ana take ana kirari, an yi shi don ya tsima mutum. Wannan tsimawar ita ce abin nazari, ita ce kuma abin tsoro. Ni abin da nake gani, a ambace su a matsayin tarihi, amma kada su shiga jerin da za a zuba wa kowa a memori.

Baba Alhaji: To na yarda da rabin. Tarihi a bar shi ga masu karatu. Ga jerin, a sa waƙoƙin noma madadinsu, su ma kiɗan maza na, kuma ba su ɓata kowa.

Maman Sadik: Na goyi bayan Baba.

Auta: Na zamani fa? Kar a ce duk abin da aka yi da piyano ba kiɗa ba ne.

Mai Kaset: Ba mu ce ba. Amma kai ma ka san kiɗa guda na aka sauya ma kalmomi.

Auta: A wasu, Baba Mai Kaset, ba duka ba. Ga yadda za a tace. A ji daƙiƙa 30 na farko: in sautin ganga ɗaya ne ke dawowa ba ko ɗan bambanci, na'ura ce aka bari tana juyawa. In ana jin bugu na ɗan sauya ƙarfi, an kawo mai kalangu ko mai kotso situdiyo, ko mai haɗa kiɗan ya zauna ya yi aiki. Sai murya: in tana tsalle daga mataki zuwa mataki babu jan da ke tsakani, an matse na'urar gyaran murya har ƙarshe. Hausa harshe ne mai karin sauti, in aka matse haka hawa da saukar kalma na lalacewa, shi ya sa wata waƙar sai ka ji ta sau uku ba ka kama abin da aka ce ba. Wanda ke son kalmomi masu nauyi a kiɗan zamani ya nemi Aminu Ala, tsarin baitinsa na rubutacciyar waƙa ne. Wanda ke son ya ji inda salon namiji da mace suna karɓa-karɓa ya samo ƙarfi, ya koma tsofaffin waƙoƙin Indiya na zamanin Muhammad Rafi da Lata, zai ji dangantakar da kunnensa.

Injiniya: Tunda za a haɗa tsoho da sabo a jeri ɗaya, ga matsalar da za a ci karo da ita. Waƙoƙin yanzu ana matse su su yi ƙara har ƙarshen ma'auni, na kaset kuwa a ƙasa suke. Mutum zai ɗaga sauti don ya ji Jankiɗi, waƙa ta gaba ta shigo ta fasa masa kunne ko ta yaga sifika. Ko dai a raba su babban fayil daban-daban, ko a kunna daidaita ƙara a manhajar da ke da shi, ko a bi tsofaffin da Audacity a ɗaga ƙololuwar ƙararsu zuwa -1 a ma'aunin ƙara, inda 0 ne ƙarshe.

Baban Khadija: Injiniya, akwai masu kaset a ajiye a gidaje, wasu ma babu irinsu a intanet. Ka ba mu matakan juyewa gaba ɗaya, a wuce wurin.

Injiniya: To. Kafin komai a ɓalle 'yan haƙoran roba biyu da ke saman kaset ɗin, don ko an danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai goge ba. A duba ta taga: in akwai farin fumfuna a kan zare, a ware shi, kada ya shiga rediyo mai kyau. A duba ɗan soson da ke bayan zare a tsakiyar baki, shi ke danna zare a kan hed, wato ƙarfen da ke karanta sautin zare. In ya faɗi, sauti zai dushe yana zuwa yana tafiya. A manna shi da ɗigon gam kaɗan, ko a kwance sukurori biyar a mayar da zaren cikin wani gidan kaset mai lafiya. Sannan a tura zaren gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya, don ya saki in ya manne.

Rediyon kuma: a goge hed da ɗan ƙarfen da ke jan zare da auduga mai sifirit, a bari ya bushe minti biyar. Tayar robar a goge ta da tsumma mai ɗan danshin ruwa, sifirit na busar da roba. In murya na rawa tana hawa da sauka, bel ya saki ko tayar ta ƙandare, a canza kafin a fara. A gefen hed akwai sukuru mai sifirin a ƙarƙashinsa. Ana kunna kaset ana juya shi kaɗan-kaɗan, bai wuce rubu'in zagaye hagu ko dama ba, har a kai inda harafin sa da tsa suka fi fita. Kowane kaset da saitinsa, don an ɗauke su a injuna daban-daban. Wannan sukurun shi ne bambancin kwafi mai haske da mai dushi, kuma yawancin masu juyewa ba su taɓa shi.

Haɗi: daga ramin abin kunne na rediyo zuwa ƙaramin akwatin sauti na USB mai mashigar layi, irin Behringer UCA202. Kada a sa a ramin makirufo na kwamfuta, sautin zai yi yawa ya fashe. Sautin rediyo a rabi. Rediyo a kan sabon batir, kwamfuta a cire ta daga caja, in ba haka ba gunjin wuta zai shiga. Batir in ya yi sanyi gudu na raguwa, a canza shi kafin ya kai nan. A Audacity a sa ingancin ɗauka a 44,100 da bit 16, a gwada wurin da kiɗa ya fi ƙarfi, ƙololuwa ta tsaya wajen -6. A ɗauki gefe guda gaba ɗaya ba tsayawa, daga baya a yanka waƙa-waƙa. A ajiye na asali a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti. Mono yana cin kusan MB 5 a minti, kaset mai 90 kusan MB 480 ke nan, sitiriyo ninki biyu.

Mai Kaset: Duk na yarda, ban da abu guda da na san za ka ce: rage shuu, wato hucin nan da zaren kaset ka yi ƙarƙashin waƙa. Kada a taɓa shi. Duk wanda yar rage shuu ya kashe kotso. Kotso da hannu aka kaɗa shi, ga hwata tai akwai nake, ɗan danƙon da aka liƙa mata, amon yatsa da zaƙin da ka biyo bayan bugu siriri na, wuri guda suke zaune da shuu ɗin. Ka cire wanga, ka cire wancan. Sai murya ta koma awa mai magana cikin ruwa.

Injiniya: Abin da ka faɗa yana faruwa ne in an zura. Masu yi suna sa ma'aunin ragewa a 20 ko fiye. In aka ɗauki samfurin shuu daga daƙiƙa biyu ko uku na zare kafin kiɗa ya fara, aka rage da 6 kawai, kotso ba ya mutuwa. Gunjin wuta kuma dole a cire shi, da matatar da ke yanke 50 kaɗai, in ya cancanta a ƙara 100 da 150.

Mai Kaset: Gunji na yarda. Shuu ban yarda ba. Kunne na mance shi bayan minti guda.

Hajiya Babba: Ku ajiye biyu mana. Wanda ba a taɓa ba a adana, wanda aka gyara a raba wa mutane, a rubuta a jikinsa an gyara.

Injiniya: Shi ke nan, Hajiya ta raba gardama. Na rabawa a mayar da shi MP3. A ma'aunin ingancin MP3, mono 96 ya isa, sitiriyo 128 zuwa sama. Ga ma'aunin gane kwafin da aka tauye: 128 yana cin kusan MB ɗaya a minti, waƙar minti 20 kusan MB 19. In ka ga ta minti 20 a MB 5, an matse ta zuwa 32, tafi da kuge za su zama ƙarar ruwa. Kuma mayar da ita 320 ba ya dawo da komai, girma kawai zai ƙara. Wajen turawa a WhatsApp a tura a matsayin dokumen. Kada a kunna a sifika a ɗauka da saƙon murya, kada kuma a ɗora hoto a mai da ita bidiyo, duka biyun suna sake matse sauti.

Maman Sadik: Memori fa? Wasu in an zuba waƙa da yawa sai rabi su ƙi buɗewa.

Injiniya: Jabu ne Hajiya. An rubuta GB 32 ko 64 a jiki, cikinsa bai kai haka ba, in ya cika sai sabo ya hau kan tsoho. A gwada shi da H2testw a kwamfuta kafin a zuba komai, yana cika shi ya karanta ya faɗi gaskiyar girmansa. Ba a ma bukatar babba: GB 8 na gaske yana ɗaukar sama da awa 130 a 128. Kuma yawancin rediyon mota da ƙananan sifiku tsarin FAT32 suke karantawa, memorin da ya wuce GB 32 kuwa da exFAT yake zuwa, sai a sa a ga babu komai. Memori ba ma'ajiya ba ce, na asali ya zauna a wuri biyu.

Malamin Hausa: Saura suna. Rabin ruɗanin da ake yi daga nan yake: a ga waƙar Sa'idu Faru an rubuta Ɗanƙwairo don duka kotso ne. A rubuta makaɗi, sai wanda aka yi wa waƙar da sarautarsa, sai farkon gindin waƙar, sai irin ɗauka, sai tsawo. In ba a san shekara ba a bar wurin fayau, kada a ƙaga. Wanda ke shakkar kalmomi ko mai waƙa ya duba Diwanin Waƙoƙin Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, an rubuta matanin waƙoƙi da yawa a ciki.

Injiniya: A sunan fayil dai a yi amfani da d da k da b marasa lanƙwasa, rediyon mota na nuna akwatuna a madadin masu ƙugiya. Cikakken rubutu a sa shi a bayanan cikin fayil.

Auta: In zaren ya tsinke fa? Salatif?

Mai Kaset: A'a ɗana. Gam ɗin salatif na narkewa da zahi shi bi sauran zare shi manne hed. Akwai tef na haɗin zare, siriri, shi aka nema wurin masu gyaran rediyo. A yanke bakin biyu a karkace da reza, a haɗa su baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, a manna ta bayan zare, gehen da ba ya taɓa hed. A rage abin da yaf fito gehe, a naɗe da biro a hankali har haɗin shi wuce, sannan a juye shi ranar nan, kada a jira.